FENTI A KAN TSATSA: RUFIN ASIRI NE KO HA'INCI?

Masu karatu, dukanmu mun san yadda rufin asiri ya ke da girma a wurinmu. In za mu yi wa mutum fatan alheri, rufin asiri mu kan roƙa masa. In mun ga rigar maƙwabci ta yage ta baya, mu kan ja shi gefe mu gaya masa a kunne, ba mu tara masa jama'a. Amma kuma dukanmu mun ƙi ha'inci. Mun ƙi mai hatsi wanda ya kan zuba mai kyau a bakin buhu ya bar wanda ƙwari suka ci a gindi. To, ga abin tambaya. Mai rufin asiri rufewa ya ke yi, maha'inci kuma rufewa ya ke yi. Yaushe ne rufe abu ya ke zama alheri, yaushe kuma ya ke zama zalunci?

A wannan wata muna so mu nemi amsa a wani wuri inda ba a saba nemanta ba, watau garejin masu gyaran jikin tsofaffin motoci. Gama ƙarshen aikinsu duka rufewa ne. Su kan shafe ƙarfe da fenti har ba mai ganin abin da ke ƙasa. Duk da haka akwai amintattu a cikinsu, akwai kuma macuta, dukansu kuwa gwangwanin fenti iri ɗaya su ke buɗewa. In mun gane abin da ya raba su, mun sami amsarmu.

MOTAR GADO

Bari mu ɗauki motar da yawancinmu muka sani, watau Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo. An fara yin ta a Faransa a 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Daga 1975 aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuma ci gaba da yin 504 a can har bayan 2000, sa'anda an daɗe da daina yin ta a Turai. Ta yi aikin gwamnati, ta yi haya, ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibiti. Akwai ƙungiyar duniya ta masu ajiye tsofaffin motoci, ana ce da ita FIVA. A wurinsu motar da ta kai shekara 30 tana iya shiga lissafin kayan tarihi. Ashe Fijon iyayenmu ta riga ta shiga.

A ce wani ya gaji irin wannan daga mahaifinsa. Ta daɗe a ajiye a gindin darbejiya, fenti ya ƙoɗe, ƙofa ɗaya ta lotsa, ga wasu ƙuraje sun taso a ƙarƙashin ƙofofi. Ya kai ta wurin fanabita. Fanabita ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan, ya danna can da babban yatsa, ya ce, “Maigida, aiki biyu ne. Akwai na mako biyu, akwai na wata uku. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanne ka ke so?”

Abin mamaki shi ne, ran da aka gama, in an jera motocin biyu a rana ba mai iya raba su da ido. Dukansu suna sheƙi. Domin mu gane abin da wata ukun nan ke saye, sai mu fara sanin halin abokin gaba.

HALIN TSATSA

Tsatsa ba datti ba ce da ke manne wa ƙarfe daga waje. Ƙarfen ne da kansa ya ke juyewa, sa'anda ya gamu da ruwa da iska. In akwai gishiri, abin ya kan ƙara sauri. Shi ya sa motar da ta zauna a bakin teku ta kan riga ta arewa ruɓa, shi ya sa kuma tsofaffin motocin da a ke kawowa daga Turai su kan zo da ciwo a ƙasansu, gama a can ana watsa gishiri a kan hanya lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara.

Tsatsa tana da hali guda biyu da ya kamata mu lura da su. Na fari, tana shan ruwa tana riƙewa, kamar soso, saboda haka wurin da ta kama ba ya bushewa da sauri, tana ta ciyar da kanta. Na biyu, ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Tana kumbura, tana ture fenti daga ƙasa, har ya yi bororo. Kurjin da mu ke gani a jikin mota, sau da yawa daga ciki ya fito. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan kafofi da aka bari domin ruwa ya fita. In laka ta toshe su, ruwa ya kan kwanta a ciki, ya ci ƙarfen daga baya shekara da shekaru kafin ido ya ga kome. Ƙarfen jikin mota kuwa kaurinsa wajen milimita 1 ne kaɗai. Ɗan hakin da ka raina, shi kan tsone maka ido.

Kada mu ce wannan maganar kyan gani ce kawai. Motocin da, irin su Ford Model T wadda aka yi daga 1908 zuwa 1927, suna da shasi dabam, jiki kuma a ɗora a bisa. Amma ƙaramar 504 ba ta da shasi dabam. Jikin ne da kansa ke ɗauke da nauyi, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi kuwa yana cikin ginshiƙanta. Wanda ya rufe ruɓa a wurin nan ya yi daidai da maginin da ya ga gara ta cinye itacen rufin soro, ya yaɓe shi da ƙasa, ya shafa farar ƙasa, ya ce wa masu gida su shiga su kwanta.

RANAR WANKA

Aikin gaskiya ya kan fara da tuɓewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kan cire gilasai, da fitilu, da robobi, da kujeru, sa'an nan a kankare tsohon fenti har ƙarfe ya fito tsirara. Wasu su kan yi da magani mai narkar da fenti, wasu da injin gurza, wasu da feshin yashi, ko da ya ke feshin yashi yana bukatar gwani, gama ƙarfinsa yana iya karkatar da faffaɗan ƙarfe marar kauri kamar rufin mota.

A ranar nan ne dukan tarihin motar ke bayyana. Ga inda aka taɓa buge ta aka daddage. Ga inda wani ya cusa ragar waya ko tsohuwar jarida a rami ya shafe bakinsa. Mai mota ya kan zo ya ga gadonsa ya fi muni a kan yadda ya kawo shi, ransa ya ɓaci, ya ce an lalata masa mota. Ba a lalata ba. An nuna masa abin da ya daɗe yana da shi ne bai sani ba.

Ƙarfe tsirara kuwa ba a barinsa ya daɗe haka. Da damina cikin 'yan sa'o'i ya kan fara ja. Ko tafin hannu aka ɗora masa, gishirin gumi ya isa ya bar shaida. Domin wannan, da zarar an tsabtace shi, a kan yi masa shafin farko mai hana ruwa shiga. Mu lura da wannan da kyau: mai aikin gaskiya ba ya ƙin rufewa. Yana gaggawar rufewa ma. Abin da ya ƙi shi ne rufewa tun ba a tsabtace ba.

GUDUMA, DA WUTA, DA FILA

Inda tsatsa ta taɓa sama kaɗai, gurzawa ta isa. Inda ta huda, ba magani sai yanka. A kan yanke har sai an tarar da ƙarfe mai lafiya mai haske ta kowane gefe, a yanko sabo mai kauri ɗaya, a lanƙwasa shi ya ɗauki siffar wurin, a yi masa walda. Ba a jan wutar a layi ɗaya, gama zafi ya kan murɗe ƙarfe marar kauri. Ɗigo-ɗigo a ke yi, ɗaya nan, ɗaya can nesa, ana jira ya huce, har ɗigon su haɗu.

Inda ya lotsa kuma, aikin guduma ne. Fanabita ya kan riƙe wata 'yar maƙera a hannu ɗaya ta baya, yana bugu da ƙaramar guduma ta gaba, a hankali, yana bin lotsawar daga gefe zuwa tsakiya. Ba ƙarfi a ke so ba. In ya cika bugu, ƙarfen ya kan miƙe ya yi yawa, sai an sa masa wuta ya tsuke.

Kome gwanintarsa, 'yan ƙananan kwaruruka za su ragu, dole a cike su. A da, da dalma gauraye da kuza a ke cikewa. A kan narkar da ita da wuta, a baje ta da ɗan katako da aka shafa wa kitse, a goge da magagari. A 1955 aka fito da wani abu a Amurka mai suna Bondo, shi ne irin abin da masu gareji ke kira fila. Kamar kwaɓaɓɓen gari ya ke, a kan gauraya shi da ɗan magani, cikin 'yan mintoci ya daskare, ya gogu da sauƙi.

To, fila ba shi da laifi. Gwanaye ma suna amfani da shi, amma shafi-shafi, kaurin tsinken ashana ko abin da ya ɗara kaɗan, a kan ƙarfe mai tsabta wanda guduma ta riga ta daidaita. Sauƙinsa ne ya zama jaraba. Abin da guduma za ta yi wuni tana yi, fila ya kan rufe shi kafin a sha shayi. Mai aikin mako biyu ya kan lafta shi kamar mai yaɓen katanga, a kan lotsawa, a kan rami, a kan tsatsa. Fila kuwa yana shan ruwa in ya sami ƙofa ta baya. Damina ɗaya ko biyu, sai ya tsage, ko ya faɗi guda, ramin da ke ƙasa kuwa ya fi da girma. Masu sayen tsofaffin motoci sun san wannan, shi ya sa su kan zo da ɗan maganaɗisu a aljihu. Inda ƙarfe ya ke kusa ya kan kama, inda fila ya yi tudu ya kan saki.

SAMFEFA DA BAƘAR ƘURA

Yawancin kwanakin aikin a gugar samfefa su ke ƙarewa. Samfefa tana da lamba. Mai 80 tana da kaushi, mai 180 ta fi ta laushi, sai mai 320, har zuwa 400 ko 600. Aikin kowace shi ne ta share zanen da ta gabanta ta bari. Wanda ya tsallake ɗaya ba zai ga laifinsa a ranar ba, gama ɗanyen shafi ya kan cike zanen. Bayan makonni, sa'anda shafin ya bushe sarai ya tsuke, sai zanen ya fito ta cikin sabon fenti. Ba a kuma gugar faffaɗan wuri da yatsu, gama yatsu su kan bi kwari su ƙara masa zurfi. A kan naɗa samfefar a doguwar katako miƙaƙƙiya, wadda ba ta san sani ba, tana cin tudu tana tsallake kwari.

Akwai wata dabara da ta fi ba mu sha'awa. Sa'anda aka yi wa mota shafin ƙasa, ta yi toka-toka, ido ya kan ce ta yi sumul. Mai aikin gaskiya ba ya yarda da idonsa. Ya kan watsa mata baƙar ƙura sama-sama da gangan, sa'an nan ya bi da katakon nan. Inda ya ke daidai, baƙin ya kan tafi. Inda akwai kwari ko zane, baƙin ya kan zauna, ya nuna shi a fili. Yaro sabon shiga ya kan ce, “Maigida, ai ta yi kyau, don me za mu ɓata ta?” Maigida ya kan ce, “Yaro, gara mu gani yau da mai mota ya gani baɗi.”

Ku duba wannan mutum. Ba wanda ya tilasta shi, ba alƙali a kansa, mai mota yana gida. Shi da kansa ya ke neman shaida a kan aikin hannunsa. Mu nawa ne mu ke da irin wannan baƙar ƙura a cikin al'amuranmu? Mu nawa ne mu ke da aboki wanda muka ba shi izini ya gaya mana inda muka lotsa?

FENTI BA YA ƁOYE KOME

Daga ƙarshe a kan wanke jikin da maganin cire maiƙo, gama ɗigon mai guda ya isa ya sa fenti ya yi ramuka kamar zanzana. A yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta, balle da hunturu. Sa'an nan a fesa. Feshin nan, wanda shi kaɗai jama'a ke gani, shi ne mafi gajarta a cikin aikin duka.

Masana'antu sun daɗe suna rage lokacin fenti. A farkon zamanin mota, da burushi a ke shafawa, shafi bisa shafi, ana jiran bushewa, har mota ta kan yi makonni a ɗakin fenti. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford baƙin fenti kaɗai ya ke yi wa Model T. A 1924 motar Oakland ta fito da wani sabon fenti na feshi mai suna Duco, mai saurin bushewa, aka sami launuka iri iri ba tare da dogon jira ba. Amma har yau ba a yi fentin da zai miƙar da karkataccen ƙarfe ba. Dukan shafin da sabuwar mota ke fitowa da shi, kaurinsa bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Abu marar kauri haka sai dai ya bi siffar abin da ke ƙasa. Gwargwadon sheƙinsa, gwargwadon yadda ya ke tona tudu da kwari, baƙi kuwa ya fi kowane launi tonawa.

Ashe maha'inci bai sayi ɓoyewa ba, lokaci kaɗai ya saya, daidai wanda zai ishe shi ya karɓi kuɗi ya yi nisa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

AMSAR TAMBAYARMU

Yanzu muna iya komawa inda muka fara. A ganinmu tambayoyi uku ne ke raba rufin asiri da ha'inci.

Ta fari: abin da aka rufe, ya mutu ne ko yana nan yana aiki? Tabon walda a ƙarƙashin fenti ciwo ne da ya warke, rufe shi kariya ne. Tsatsa a ƙarƙashin fenti ciwo ne mai rai, rufe ta ciyar da ita ne. Hakanan mutumin da ya yi laifi, ya bari, ya biya abin da ya ɓata, bai kamata mu yi ta tone masa ba. Mai tone irin wannan ya yi kamar wanda ke kankare mota mai lafiya ya bar ta a ruwa. Amma ma'ajin da har yanzu hannunsa ke cikin kuɗin jama'a, ko mijin da har yanzu ya ke dukan matarsa, in mun yi shiru mun ce rufin asiri ne, fila mu ke laftawa.

Ta biyu: wa zai ɗauki hasara? Rufin asiri na gaskiya, mai yin sa ne ke biya, da haƙurinsa, ko da dukiyarsa, ko da kame bakinsa. Ha'inci kuwa wani ne ke biya, wanda bai ji ba bai gani ba: mai sayen motar, da matarsa, da 'ya'yansa a kujerar baya ran da aka yi karo ƙarfen ya naɗe kamar kwali.

Ta uku: muna iya gaya wa mai hakki abin da ke ƙasa? Ba dole ne fanabita ya yi shela a kasuwa ba. Amma in mai mota ya tambaye shi, amintacce ya kan ce, “Nan na yanke na sa sabo, nan akwai ɗan fila, nan kuɗinka bai kai ba, na tsare shi ne kawai, ka komo bayan damina.” Rufin da ba ya jin tsoron tambayar mai hakki, shi ne rufin asiri.

LAIFIN WA?

Wani zai ce, “Kun ɗora wa talaka kaya. Fanabita yana da iyali. In ya faɗi kuɗin aikin wata uku, mai mota zai tafi wurin na gaba da shi.” Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Gaskiya ne, yawancinmu ba fanabita ba ne, masu kai aiki ne. Mu ne mu kan taya aiki rabin kuɗinsa, mu ce muna so kafin biki, sa'an nan mu tsaya muna duban sheƙi kaɗai. Wanda ya ƙi biyan aikin da ba a gani, shi ne ya koya wa mai sana'a ya daina yin sa. Araha ba ta ado. Laifin nan da mu a ciki.

Amma talauci bai tilasta wa kowa yin ƙarya ba. Aiki mai araha ba laifi ba ne in an kira shi da sunansa. Mutum yana da iko ya ce, “Ƙarfina ke nan, a yi mini na wucin gadi,” fanabita kuma ya yi masa, ya gaya masa iyakarsa. Laifi ya kan shigo ne sa'anda aka sayar da na mako biyu da sunan na wata uku, ko kuwa sa'anda mai motar, wanda ya san abin da ke ƙasa, ya kai ta kasuwa ya yi shiru.

Akwai kuma wani abu da sheƙin mota kan ɓoye, watau huhun yaran gareji. Ƙurar yashi tana lalata huhu, dalma guba ce, fentin zamani da a ke gaurayawa da maganin daskarewa kuma yana jawo ciwon asma mai tsanani. Ƙyallen da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Maigidan da ya ƙawata mota ya bar yaronsa yana shaƙa ba abin kariya na ƙwarai, ya gyara ƙarfe ya ɓata mutum.

A SHARE TABO DUKA?

Saura tambaya ɗaya. In yanke ruɓa daidai ne, ashe ba gara a canja kome da kome ba? Helenawan da sun yi gardama irin wannan a kan wani tsohon jirgin ruwa da mutanen Atina suka ajiye domin tunawa da jaruminsu. Duk katakon da ya ruɓe sai su sa sabo, har masana suka rabu biyu, wasu suna cewa jirgin ne, wasu suna cewa wani ne dabam. Mai motar gado ya kan gamu da wannan. In an sauya ƙofofi huɗu, da rufi, da ƙasa, me ya ragu na mahaifinsa?

Masu ajiye tsofaffin motoci sun daɗe suna gasar mayar da mota ta fi yadda ta fito daga masana'anta sheƙi. Daga baya da yawa suka gane wannan ma wata irin ƙarya ce, gama tana cewa motar ba ta taɓa yin aiki ba. A 2013 wata yarjejeniya ta FIVA, wadda aka yi wa laƙabi da birnin Turin na Italiya, ta fara aiki. Tana koyar da a girmama alamun shekaru a jikin mota, a kuma rubuta dukan aikin da aka yi mata, takardun su bi ta duk inda ta tafi. A 2024 kuma, a babbar gasar Pebble Beach ta Amurka, wadda a ke yi tun 1950, motar da ta zo ɗaya wata Bugatti ce ƙirar 1934 wadda ba a sabunta ta ba, tana ɗauke da tsohon fentinta da tabbanta. Wannan ne karo na fari da irin wannan mota ta ci.

Darasin a bayyane ya ke. Tsufa dabam, ruɓa dabam. Inda hannun mahaifi ya goge fenti a bakin taga cikin shekara ashirin na tuƙi, wannan ba ciwo ba ne, ana iya barinsa. Ramin da ke ƙarƙashin ƙafar direba, wannan dole a yanke. Hikima ita ce sanin wanne ne wanne. Wanda ke jin kunyar furfurarsa da talaucin gidansu amma ba ya jin kunyar bashin da ya danne, ya juya abin.

'Yan'uwa, kowannenmu yana da abin da ya rufe, ba kuwa dukan rufi ne mugu ba. Bari mu zauna a cikin wannan wata mu ƙwanƙwasa namu ɗaya ɗaya, mu tambaya: ya mutu ne ko yana aiki? Wa zai biya? Muna iya faɗa wa mai hakki? Abin da ya ci wannan gwaji, mu bar shi a rufe, kada mu bar kowa ya tone shi. Abin da ya faɗi, gara mu kankare shi yanzu tun rani bai wuce ba, gama damina tana tafe.